Motar Da Ta Ƙi Malam Sambo

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Ku zo garejina a Gwallaga da waya a hannu, ku ce kun ga yadda ake yi a bidiyo, wai aikin wayarin ɗin mota ba wani abu ba ne: a jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi ciwon, a canza abin da ta faɗa, a wanke hannu. Wani ma da bakinsa ya ce mini wata uku ya ishe shi ya koya. Ban yi masa musu ba. Tunda kun fi son karatu a waya a kan zaman benci, bari in rubuta muku labarin wata mota, ku karanta a inda kuka saba.

Sunana Iliyasu, amma a layin nan Iliya Wayarin kowa ya sani. Na koyi aiki a hannun marigayi Malam Garba, shekara bakwai cur. Kayan aikinsa duka jaka ɗaya ke ɗauka: filaya, sukudireba uku, guntayen waya, da fitilar gwaji, wato ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya biyu, idan akwai wuta a inda ka taɓa ya kama. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya maimaitawa. Doka ɗaya ce ya dasa mana da ƙarfi. Wata rana wani mai tasi ya kawo motarsa, ya ce tana masa gardamar tashi. Ni kuwa ina ɗokin nuna na fara iyawa, na miƙa hannu na karɓi makulli. Malam Garba ya ƙwanƙwasa mini bayan hannu da ƙotar sukudireba, har yau ina jin wurin.

"Mayar masa," in ji shi. "Kada ka kuma karɓar makulli a hannun mai mota sai ya tayar da ita a gabanka. Mota ba ta kawo kanta gareji. Da mai ita take zuwa, kuma wani lokaci rabin ciwon a hannunsa yake."

Mai tasin ya shiga ya murɗa, muka gani. Ashe ya rataya wa makullin tarin wasu makullai, na gida da na shago har da ƙwado, nauyinsu ya cinye cikin wurin murɗawar. Da ni na karɓa na zare makullin shi kaɗai, da ta tashi lafiya, mu sallame shi, gobe ya dawo yana zaginmu.

Motar farko mai maɓalli da ta shigo garejina, wato irin wadda ba a murɗa mata makulli sai dai a danna, ita ta jawo mini shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Ta wani ɗan kasuwa ce, ya kawo ta a kan ƙaramar matsala ta fitila. Na ɗauko fitilar gwajina yadda na saba shekara da shekaru, na soka a wata siririyar waya da ban san inda ta nufa ba. Ashe ƙwaƙwalwar motar ta nufa. Ba hayaƙi, ba ƙara, mota kawai ta yi shiru. Wata biyu tana kwance a gabana kafin a samo wata ƙwaƙwalwar, duk wanda ya wuce sai ya nuna ta da baki. Labari ya zaga cewa Iliya ya tsufa, zamani ya bar shi. Masu manyan motoci suka ɗauke ƙafa, na koma gyaran hon ɗin keke mai ƙafa uku da fitilar babur. Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye ba. A ƙarshe na ajiye girman kai na tafi wurin wani da ya taɓa koyo a hannuna, ya riga ya buɗe nasa wurin, na zauna a bencinsa wata huɗu da furfurata yana nuna mini mitar auna wuta da kwamfuta. Yana ce mini Oga, ina ce masa Malam.

Abin da na koya game da motar maɓalli ba shi da tsawo. Kafin ta yarda ta tashi, abu huɗu take nema. Tana so ta ji makullinta a cikinta, domin makullin magana yake da ita ta iska kamar rediyo. Tana so a taka birki. Tana so giya ta kasance a wurin ajiyewa. Sannan tana son batir mai ƙarfi. Idan an danna ta yi shiru, a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki: idan jar fitila ba ta kama ba, ɗan makunnin da ke bayan fedar birki ne ya mutu, mota ba ta san ka taka ba. Idan fitilun gaban direba suna dushewa ana jin ƙas-ƙas, duba kan batir, sau da yawa farin gari ne ya taru. Ka girgiza giya, ka motsa sitiyari. Idan ƙaramin batirin cikin makulli ne ya yi sanyi, ka ɗora makullin a kan maɓallin ka danna da shi, yawancinsu za su tashi. Sai duk waɗannan sun wuce ake taɓa fis, ɗan abin da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, da sauransu. Wannan kam ko a wata ukun naku za ku haddace.

Motar da nake son ba ku labarinta ta zo mini a tsakiyar damina, wata Asabar da hantsi. Baƙa ce, doguwa, ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. Wani matashi ne ke tuƙi, ya sha shadda, ga kuma wani dattijo a kujerar gefe ya haɗa hannu biyu a cinya. Tun daga zamansa na gane direba ne, domin ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi a gefen nan.

Matashin sunansa Nura, a Abuja yake aiki. Shi ya saya wa mahaifiyarsa, Hajiya Ladi, motar. A Yelwa take zaune, mijinta malamin jami'a ne kafin ya rasu. Dattijon kuwa Malam Sambo ne, Bafulatanin Zungur da ya bar kiwo tun yana saurayi ya kama tuƙi. Shekara ashirin da shida yana yi wa gidan tuƙi. Shi ya riƙa kai Nuran makarantar firamare.

Nura ya ja ni gefe, amma ba da nisan da dattijon ba zai ji ba.

"Malam Iliya, gareji uku aka kai ta. An canza batirin makulli, an canza makunnin birki, har babban batir na sa an canza. Kowa ya ce lafiyarta ƙalau. Ni na danna, ta tashi. Maƙwabcinmu ya danna, ta tashi. Baba Sambo ya danna, shiru. Hajiya na da ganin likita duk Litinin saboda ƙafarta, sau biyu ke nan tana rasawa, ran nan a keke aka kai ta cikin ruwa. Kai ne na ƙarshe. Idan ka ce lafiyarta lau, to ba motar ba ce. Zan sallame shi cikin mutunci ya koma gida ya huta, in samo mata yaro da ya san irin waɗannan."

Ya miƙo mini makulli, ni kuwa na karɓa. Ku lura da wannan. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da dokar Malam Garba, ranar nan na sake ta ban ko ji a jikina ba, saboda na ga babbar mota da mai shadda, kuma ina da sabuwar kwamfuta da nake son a gani.

Nura ya tari keke ya tafi, ya ce in kira shi. Na duƙufa. Na jona kwamfuta, ba ta ga komai ba. Na auna batir, ƙalau. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari na duba makunnin birki, sabo fil. Malam Sambo ya ce mini ta fi yin gardama ranar da aka kwana ana ruwa, don haka na bi wayoyi ina neman inda laima ke shiga, na ɗaga kafet, na buɗe akwatin fis, har na sa aka watsa mata ruwa bokiti biyu. Na danna sau ashirin, sau ashirin ta tashi. Na ajiye makulli a kan kujera na ce, "Malam, bismillah, gwada mu gani." Ya shiga ya danna, ta tashi.

"Haka take yi," in ji shi, ko murmushi bai yi ba. "Gaban mutane tana tashi. Idan ni da ita ne, sai ta ƙi. Motar nan ta san tsoho, Malam Iliya."

Aka kira azahar, muka nufi masallacin bakin layi. A wurin alwala na ga ya dafe ƙirjinsa da hannun hagu kafin ya sunkuya, kamar mai tsare wani abu a aljihun ciki, alhali makullin yana wurina. Sabo ne kawai. Bayan mun idar muka zauna a benci, na sa aka kawo mana fura. Bai roƙe ni komai ba. Ya dai ce yana da 'ya'ya mata biyu a makarantar sakandare, kuma rabonsa da riƙe sandar kiwo ya fi shekara arba'in, ko ya koma Zungur bai san me zai tarar ba. Ya faɗe shi a hankali yana kallon motar.

Na ɗauko waya zan kira Nura in ce ban ga komai ba. Gaskiya ce, kuma na san abin da za ta jawo. Makullin yana ɗaya hannun nawa ina juya shi. A nan ne bayan hannuna ya tuna mini da ƙotar sukudireba. Tun safe ni ke riƙe da makullin nan. Makanikai uku da suka gabace ni su ma su suka riƙe. Ba wanda ya bar mutumin ya yi abin da yake yi idan shi kaɗai ne.

Na mayar da waya aljihu. Na kulle motar, na miƙa masa makulli.

"Malam, ka ɗauka yanzu ka iso gidan Hajiya da safe. Ba ni nan, ba kowa. Yi yadda kake yi tun daga farko, kada ka tsallake komai."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya zaga motar yana duba tayoyi, ya shafa gilashin gaba da tsumma. Ya danna makulli ƙofa ta buɗe. Sai ya goge makullin da bakin rigarsa, ya zura hannu a aljihun ciki ya fito da wani ɗan gwangwani mai faɗi, irin na alawa, fentinsa duk ya goge. Ya buɗe. An shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a ciki. Ya kwantar da makullin, ya rufe, ya matse murfin da babban yatsa ta kowane gefe, ya mayar aljihu. Ya cire takalmi, ya yi bismillah, ya zauna, ya taka birki, ya danna.

Shiru. Wani ɗan hoton makulli ya fito a gaban direba yana ƙiftawa, da rubutun Turanci a ƙarƙashinsa.

"Ka gani ko," in ji shi.

Na ce, "Na gani. Gwangwanin nan fa?"

"Na goro ne a da. Farkon damina ruwa ya kama ni a hanya, makulli ya jiƙe. Alhaji Nura ya bugo waya ya ce irinsa ba a yanka shi a kasuwa, idan ya lalace sai an aiko daga waje. Hajiya ta ce in kula da shi kamar idona. Shi ne na bar cin goro a hanya na ba shi wurin."

Ƙarfe ne ya toshe maganar da ke tsakanin makulli da mota. Murfin ya ɗan lanƙwashe, idan ya rufe shi sama-sama magana na ɗan fita, mota ta tashi. Ranar da aka kwana ana ruwa kuwa sai ya ƙara matse shi da kyau, mota ta nemi makullinta ta rasa. Idan ta ƙi, sai ya fito, ya ciro makullin, ya shiga gida ya miƙa da ladabi, duk wanda ya karɓa ya danna ta tashi. Mu kuma muna can muna neman laima a cikin wayoyi.

Na ce ya buɗe gwangwanin ya sake dannawa. Ta tashi tun kafin ya ɗauke yatsa. Na zaci zai yi murna. Sai ya kashe ta, ya daɗe yana kallon gwangwanin a tafin hannunsa.

"To laifina ne ke nan. Alhaji ya yi gaskiya. Ka faɗa musu yadda yake, kada ka rufa mini."

Abin ya dame ni. Da na so, sai in ce wata waya ce ta kwance na ɗaure, ba wanda zai sani. Amma ban taɓa ɗora wa mota laifin da ba nata ba, kuma shi kansa ba zai yarda ba. Idan kuma na faɗa ta waya a gajarce, Nura zai ji abu ɗaya ne kawai, cewa tsoho bai san motar zamani ba. Sai na ce masa ni zan raka motar har gida. Na ce ya tuƙa, gwangwani a buɗe. Daga Gwallaga zuwa Yelwa, cikin cunkoson keke da 'yan makarantar allo, ban ji ya taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba.

Mun tarar da Hajiya Ladi a baranda, ta miƙe ƙafar a kan ƙaramar kujera. Muka gaisa. Nura ya fito yana tambaya da ido. Na karɓi gwangwanin, na sa makulli, na matse murfin sosai, na miƙa masa.

"Alhaji, sa wannan a aljihu ka tayar mana da ita."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya shiga. Ya danna, shiru. Ya gyara zama ya taka birki da ƙarfi ya sake dannawa, shiru. Ya girgiza giya, ya danna na uku har da cije leɓe. Na ce ya buɗe murfin ya sake dannawa. Ta tashi.

Na yi musu bayani kamar yadda na yi muku. Na ce motar lafiyarta lau, direban ma lafiyarsa lau, kuma a cikin gwangwanin nan ko wanda ya ƙera ta ya zo ba za ta tashi ba. Na ƙara da cewa mu huɗu masu gareji, har da ni da kwamfutata, ba mu gano ba sai da shi da kansa ya nuna mini.

Nura ya fito yana juya gwangwanin. "To amma Hajiya, ai irin abin da nake faɗa ke nan. Yau gwangwani ne, gobe wani abin ne."

"Wa ya ce masa kada ruwa ya taɓa makullin?" in ji Hajiya.

"Ni na faɗa."

"Ni kuma na ƙara masa. Ka gaya masa ƙarfe na hana shi aiki?"

"Ni ma ban sani ba."

"To." Ta gyara mayafinta. "An ba mutum amana ya riƙe ta har ta yi yawa. A samo mini yaron da zai bar cin goronsa saboda makullina, sai mu yi magana. Malam Sambo, jibi ƙarfe takwas ne ganin likita."

"Allah ya kai mu, Hajiya."

Nura ba mugun yaro ba ne, tsoron ƙafar uwarsa ne ya sa shi gaba. Ya ciro makullin ya miƙa wa dattijon da hannu biyu, ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Ya haɗa masa da gwangwanin. Na ce wa Malam Sambo ranar Litinin idan sun dawo daga asibiti ya biyo ta Gwallaga, akwai baduku kusa da ni da zai ɗinka masa 'yar jakar fata, tana tsare ruwa kuma ba ta toshe komai.

Wannan aikin ban kwance ko ƙusa ɗaya da ta amfana ba, kuma a cikin duk ayyukan da na yi shi na fi tunawa. Kwamfutar da kuke taƙama da ita tana nan a cikin akwati, ku zo ku koya, zan nuna muku. Amma duk wanda ya miƙa hannu ya karɓi makulli kafin mai mota ya tayar a gabansa, sukudireban Malam Garba na wurina, ƙotarsa ba ta lalace ba.

Hadari ya fara haɗowa kafin in bar gidan, Hajiya ta ce a shigar da motar rumfa. Ina tsaye kusa da tagar direba ina jiran keke. Malam Sambo ya cire takalmi ya zauna, ya sa makullin a aljihun gaba, gwangwanin da ba komai a ciki ya ajiye a gefe. Ya yi bismillah, ya taka birki, ya ɗan jinkirta da yatsa a kan maɓallin, sannan ya danna. Ta tashi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sitiyari ya bar shi a nan. Ba da ni yake ba, amma na ji abin da ya ce.

"Ashe ba tsufana kika gani ba."